Mai Daddawa ta Bakin Kududdufi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Daga Sa'idu maɗinki a cikin birnin Haɗeja, zuwa ga yayata 'Yar'azumi a Kiri Kasamma. Gaisuwa mai yawa, da so da yarda da aminci. Ina gaida Malam Isa, maigidanki, wanda zai karanta miki wannan, ina gaida yara. Buba mai fito ne zai kawo, tare da rigar Malam da na gama wa aiki.

Bayan haka, Yaya, ki gyara zama ki ji. Ƙanenki ya yi suna a gari, kuma ba da allura ba. Kin san zaman rumfarmu ta maɗinka, hannu yana aiki baki yana zaman banza. Tun bazara na fara ba su labari don kada gyangyaɗi ya sa mutum ya soke yatsansa. Amma ba irin naki ba, na kura da zomo da 'yar sarkin aljanu. Ni na mutanen lungunmu nake yi: mai tallan itace, da matar da miyarta ta ƙone ranar da surukai suka zo, da marinin da hannunsa ya ƙi wankuwa har ranar ɗaurin aurensa. Wallahi sai ki ga ƙato da gemunsa ya ajiye ɗinki ya saki baki. Ashe mutane ba su taɓa jin kansu a cikin labari ba. Mahauta ma ƙetarowa suke yi su tsaya a bakin rumfa.

Kada ki ce shirme ne, abin yana da amfani. Kin tuna tsohon gyartan nan mai ɗinke fasassun ƙore, wanda yara suke bi suna yi wa waƙa? Na ƙaga labarin wani irinsa, yadda yake kwana da yunwa don ya bar wa jikarsa tuwo. Inuwa mahauci, wanda kin san zuciyarsa kamar dutsen niƙa, sai da ya share ido. Yanzu duk yaron da ya yi wa tsohon waƙa, uwarsa ce za ta fara make shi.

Wanda ya fi tashe shi ne na mai daddawa. Ba ki san ta ba, bayan aurenki ta zo unguwar. Iya Mairam ake ce mata, Babarbariya ce, tana ɗingishi, ita kaɗai a ɗan ɗakinta na bakin kududdufi. Kullum da hantsi in zan wuce nakan gan ta durƙushe a bakin ruwa da ƙwarya, tana magana ita kaɗai. Tausayinta ya kama ni, na ce a raina wannan da ɗanta take magana. Sai na gina labari a kai: wata tsohuwa ɗanta ya faɗa kududdufi ya mutu, kullum takan kai masa abinci tana kiransa. Na sauya suna, na ce Larai, amma na bar ɗingishin da daddawar, don da su labarin ya yi rai. Da na ga wasu sun fara hamma sai na ƙara gishiri a ƙarshe. Na ce tsohuwar ta sunkuya ta ce wa ruwan, “Yi haƙuri ɗana, zan aiko maka da abokin wasa.” Nan take hamma ta ƙare a rumfa.

Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya mini a rai. Jiya Saude mai ɗakina ta dawo daga gidan suna tana ba ni labarin nan nawa, wai wata ce ta faɗa a can, wai kuma da idonta ta gani. Kuma ba Larai ta ce ba, Iya Mairam ta ce. Na yi dariya, amma tuwon dare bai shiga sosai ba. Ki ce mini ba komai ba ne.

Allah ya bar zumunci. Haza wassalamu. An rubuta a watan Rajab, shekara ta dubu da ɗari biyu da casa'in da huɗu daga hijira.

* * *

Daga 'Yar'azumi zuwa ga ƙanena Sa'idu, da hannun Malam. Gaisuwa da fatan alheri. Riga ta iso, Malam ya sa albarka. A gaida mini Saude.

Bayan haka, kai Sa'idu, tun kana ƙarami bakinka ya fi ƙafarka sauri. Tambaya zan yi maka, ka amsa tsakaninka da Allah. Da za ka fara, ka ce musu “ga ta nan, ga ta nanku”? Sun amsa “ta zo mu ji ta”? Da ka gama ka ce “ƙurunƙus”? Na san ba ka ce ba. Kunya ka ji a ce namiji da gemu yana tatsuniya, da rana tsaka kuma, a gaban maza 'yan'uwansa. Sai ka buɗe baki ka ce “na san wata mata”. Ko ba haka aka yi ba?

Kai a tsammaninka don wasa Inna take sa mu faɗi waɗannan kalmomi? Murfi ne. A buɗe a zuba ƙarya, a rufe, kowa ya je ya kwanta ya san ƙarya ya ji. Kura ba ta da ɗaki a unguwa, ba wanda zai tashi da safe ya je ya jefe ta. Taka tsohuwar tana da ƙofa, kuma kowa ya san hanyar. Inna takan ce mai tatsuniya da rana ɓata yake yi. Ni ba ɓatanka nake tsoro ba, kai kana da dangi, kana da rumfa, kana da mata. Ita wa take da shi?

Ban ce labaranka ba su da daɗi ba. Na gyartai har ƙwalla na yi, alhali a taƙaice ka faɗa. Amma shi ma ka tambaye shi ko yana so gari ya san yana kwana da yunwa? Kai dai ka leƙa ta saman katanga, ka ga rabin abu, ka cike sauran da bakinka. Ita Iya Mairam ka taɓa zama ka gaishe ta gaisuwar kirki? Ka san abin da take faɗa wa ruwan?

Ga damina ta kankama. A nan ruwa ya shanye hanyar fadama, sauro kuwa sai ka ce a ɗeba da ƙwarya. Ka fi ni sanin abin da ke biyo baya a gidajen bakin kududdufi, kowace shekara sai zazzaɓi ya ɗauki yara. Da, in ya ɗauka, sai a ce kwana ya ƙare. Bana in ya ɗauka, ka ba mutane sunan da za su kira. Ka tashi tun da sauran dama ka gaya musu kai ka ƙaga. Ba zan ce maka ba komai ba ne, don ni tun da aka karanta mini hankalina bai kwanta ba.

Ni Isa mai rubutu ina ƙarawa: Malam Sa'idu, na rage wasu daga kalmomin yayarka domin ba su dace da takarda ba. Sai dai gaskiya ta faɗa, magana zarar bunu ce. Allah ya tsare mu da sharrin harsunanmu. Wassalamu.

* * *

Daga Sa'idu zuwa ga Yaya 'Yar'azumi. Gaisuwa da biyayya, ke da Malam.

Yadda kika faɗa haka aka yi, “na san wata mata” na ce. Da takardarki ta zo na yi niyyar magana, sai na ce bari abin ya mutu da kansa, tono shi zai ƙara masa wari. Ban yi magana ba.

Da shigowar Sha'aban ruwa ya cika kududdufi har ya shiga gidajen gefe, katangu suna ta zubewa. Zazzaɓi ya shigo kamar yadda kika ce. An binne yara a lungunmu da na bayanmu. Sai Hajo ta kwanta, 'yar Inuwa mahauci, yarinyar da ko famfara ba ta gama ba. Jiki kamar garwashi, tana fizge-fizge tana cewa, “Iya kar ki kai ni ruwa, ba na son wasan.” Yaya, ni na san inda ta samo wannan maganar. Ubanta ne ya kai labarin gida ya ba iyalinsa, ita tana gefe tana ji. Amma wa zai je ya gaya wa uwar da 'yarta ke narkewa a hannunta haka?

Kafin la'asar kalmar ta fito: mayya. Wai Iya Mairam ta kama kurwar yarinya za ta kai wa ɗanta cikin ruwa. Duk wadda ta sayi daddawarta ta fito ta zubar a juji. Wata ta tuna Iya ta taɓa shafa kan ɗanta, wata ta tuna ta ba nata ƙuli-ƙuli. Yaran da na hana su yi wa gyartai waƙa, su ne yanzu suke jifan ƙofarta da hoge, iyayensu suna kallo. Har wani dattijo ya rantse ya san ɗan nata, yana nan ranar da aka tsamo gawar. Yaya, ɗan da ni na haifa a rumfa da bakina, yau ga wanda ya halarci jana'izarsa.

Ɗazu na bi ta ƙofarta. Tana zaune daga ciki ta saki asabari, ina hango ƙafar nan mai ciwo a miƙe. Ta ɗaga asabarin ta ce, “Sannu ɗan nan. Kai ko ka san abin da na yi musu?” Ba ta ma san daga inda abin ya taso ba. Na ce, “Allah ya kyauta, Iya,” na wuce kamar wanda aka koro.

Tsoro nake ji. Ina tsoron abin da za su yi mata. Kuma ba zan ɓoye miki ba, ina tsoron abin da Inuwa zai yi mini in ya ji cewa don in hana shi hamma na sa wa 'yarsa wannan firgici. Kin san wuƙa ce sana'arsa. Mai unguwa ya ce a dakata a bincika, amma muryarsa ko ƙofar zaurensa ba ta wuce ba. Saude in ta ji an taɓa ƙyaure sai ta zabura. Ni kuwa yau na farke askar riga guda, don na ɗinka ta a karkace ban sani ba.

Ki gaya mini abin yi, Yaya, kaina ya kulle. Wassalamu.

* * *

Daga 'Yar'azumi zuwa ga Sa'idu. Gaisuwa, kuma yau ba ta da tsawo.

Ka je rumfar da rana, inda ka faɗa, a gaban waɗanda ka faɗa wa, ka ce ƙarya ka yi. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. In Inuwa ya mare ka ka sha marin, ai bai kai jifa ba. Daga nan ka je wurin baiwar Allahn nan ka durƙusa ka gaya mata komai. Ba daidai ba ne a jefi mutum bai san abin da ake jifansa a kai ba.

In abin ya ƙi, na yi magana da Buba. Duk Juma'a yana sauke kifin banda a Ƙofar Kogi ya juyo da jirgi ba kaya. Ka san yadda za ka yi ka kai masa ita. Na share ɗakin da muke ajiyar hatsi, Malam ya yarda. Kada ka tsaya jiran a ga yadda jikin yarinyar zai yi. In ta cika, ba za su ba ka lokacin ɗaura wando ba.

Ni Isa ina ƙarawa: ra'ayina a kai maganar gaban alƙali, domin shari'a ba ta kama mutum da sambatun mai zazzaɓi. Yayarka ta ce hukuncin alƙali ba ya kashe wutar da aka riga aka cinna wa jinka, ni kuma na bi maganarta. Allah ya kawo mafita. Wassalamu.

* * *

Daga Sa'idu zuwa ga Yaya. Gaisuwa, ke da Malam da yara.

Na yi, Yaya. Na bari sai da rumfa ta cika, mahauta sun ƙetaro, na miƙe na ce, “Jama'a, labarin mai daddawa ni na ƙaga shi. Babu ɗa, babu abokin wasa. Na faɗa ne don ku daina hamma.” Na rantse da Allah. Inuwa ya matso, na runtse ido ina jiran mari. Sai na ji ya dafa kafaɗata.

Ya ce, “Allah sarki Sa'idu, kai ma ta kama ka. Ku dubi yadda ya rame, ku dubi idonsa.”

Wani ya ce ai haka suke yi, su juya harshen wanda ya tona musu asiri. Na ce wallahi da hankalina nake magana. Sai babban rumfarmu, mutumin da ya koya mini riƙon allura, ya ce, “To na gyartai ƙarya ne? Ba mun duba mun ga da yunwar yake kwana ba? Na marini fa, ba ga hannun nan kowa yana gani ba? Duk abin da ka faɗa mana mun same shi a lungunmu. Sai wannan kaɗai za ka ce ƙarya?” Aka aika gidan wani malami aka karɓo mini rubutu, suka tsaya a kaina. Na sha, Yaya, me zan yi.

Washegari suka fito da Iya Mairam. Suka shimfiɗe Hajo a ƙofar gida, suka ce ta kuskure baki a ba yarinya ruwan, sannan ta tsallake ta don ta saki kurwar. Da ƙafar nan tata. Ta ɗaga ta kasa, ta faɗi, suka ɗaga ta suka ce ta sake. Zanenta ya kwance, ba wadda ta miƙa mata hannu. Tana ta faɗin wani abu da Barbarci, suka ce ga shi nan tana kiran ɗan. Ina tsaye a cikinsu ina kallo. Yarinya ba ta sami sauƙi ba. Inuwa ya faɗa a gaban kowa, in Hajo ta cika, tsohuwa ba za ta kwana a duniya ba. Ya sa samarin mahauta suna zama a ƙofarta.

Jiya da azahar ruwan sama ya kore su, na shiga. Na durƙusa na gaya mata komai, tun daga hantsin da nake ganinta har maganar abokin wasa. Ba ta zage ni ba, da ta zage ni da na ji sanyi. Tambaya ɗaya ta yi: “A cikin maganar taka, yaron mutuwa ya yi?” Na ce e. “A ruwa?” Na ce e. Sai ta dafe ƙirji ta juya mini baya. Ban gane ba. Da na yi mata zancen jirgin Buba, da ƙyar ta ɗaga kai ta yarda.

Gobe Juma'a. In maza sun tafi masallaci, Saude za ta lulluɓe ta da zanenta su bi ayarin matan da ke zuwa wanki bakin kogi, ni ina gaba da kwando a ka. Ɗingishin ne abin tsorona. Duk birnin nan yanzu an san shi, kuma ni na sanar da shi.

Zan damƙa wa Buba takardar nan tun da safe. In ta iso miki babu tsohuwa, kin san ba mu kai ba, ki sa Malam ya yi mana addu'a. Wassalamu.

* * *

Daga 'Yar'azumi zuwa ga ƙanena Sa'idu. Gaisuwa, da godiya ga Allah. A gaida Saude, a ce na ce ta haifu.

Iya Mairam ta iso. Buba ya kwantar da ita a cikin jirgi ya rufe ta da tabarma da kwandunan kifi har suka yi nisa da birni. Jikinta duk tabon jifa. Na gasa mata ƙafa, ta sha kunu kaɗan. Mun ce wa maƙwabta gwaggon Malam ce ta zo daga gabas.

Da ta huta na tambaye ta abin da kai ba ka tambaya ba. Sa'idu, kalwa take wankewa. Kowace mace ta san mai daddawa sai ta dafa kalwa ta kai ruwa ta wanke ɓawon. Da Saude ka tambaya da ta gaya maka. Maganar da take yi kuwa addu'a ce da harshensu, tana roƙa wa ɗanta tsari daga ruwa. Don tana da ɗa. Sunansa Fannami, shi kaɗai Allah ya bar mata, masunci ne a wajen Nguru, yana nan da ransa da matarsa. Talauci ne ya raba su, ba mutuwa ba.

Jifan da tsallaken ba su ne suke hana ta barci ba. Cewa take gari guda ya kwana ya tashi yana faɗin ɗanta ya mutu a ruwa, bakin jama'a kuwa ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ga damina, ga shi kullum yana kan ruwa, ga shi an daɗe ba ta sami saƙonsa ba. In ta ji ƙarar ruwan sama a kan jinka sai ta tashi zaune. Ni ma ta sa mini tsoron, har na fara hana nawa zuwa bakin fadama.

Ga saƙonta, na sa Malam ya rubuta yadda ta faɗa: “Ki gaya wa ɗan nan mai ɗinki na yafe masa jifan. Ɗakina da tukwanena su riƙe. Abu ɗaya nake roƙo, ya fitar mini da yarona daga cikin ruwan nan. Ya faɗa da bakinsa, a inda ya faɗa, cewa Fannami yana da rai. Kada ya ƙara sa shi a ruwa.”

Ka ji. Ba ta nemi a wanke sunanta ba, ba ta nemi komai naka ba. Ka yi mata wannan.

Ni Isa ina ƙarawa: a yi hattara ƙwarai kada a san inda take. Tsakaninmu da birni ba nisa ga mai jirgi, gidana kuma zana ce ta kewaye shi. Wassalamu.

* * *

Daga Sa'idu zuwa ga Yaya da Malam. Gaisuwa.

Takardarki ta same ni da safe. Kafin azahar Hajo ta cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Tun ranar da aka ga ɗakin Iya Mairam ba kowa ake nemanta gida-gida, jinyar yarinya ce kawai ta riƙe Inuwa. Yau daga maƙabarta ba su koma gida ba, suka cinna wa ɗakin wuta, duk da jiƙewar jinkar sai da ya ci. Sai wata mai wanki ta ce ita fa ta ga mace mai ɗingishi a Ƙofar Kogi ran Juma'a. Wani ya ce jirgin Buba ya tashi da wuri ran nan. Inuwa da ƙannensa suka fara zancen ɗaukar jirgi su bi garuruwan bakin ruwa ɗaya bayan ɗaya. Na ji an ambaci Kiri Kasamma.

Da la'asar suka zo rumfa suka zauna a gabana, kamar yadda suka saba zama. Inuwa ya ce, “Sa'idu, kai ka fara ganinta tun ba wanda ya gani. Yanzu ta tafi, ta sake ka. Gaya mana, ina ta shiga?”

Na dubi wuƙar da ke ƙugunsa. Na tuna gidanki da yaranki da zanar Malam. Takardarki tana cikin aljihuna, na san abin da aka roƙe ni. Amma in na ce Fannami yana da rai a Nguru, na nuna musu gabas ke nan, kuma hanyar ta ƙofarku ta bi. In na ce ban sani ba, gobe suna cikin jirgi. Gaskiya kuwa na gwada ta a wurin nan, rubutu aka ba ni na sha. Abu ɗaya ne suke karɓa daga bakina.

Sai na ba su labari. Na ce ran Juma'a da gari ya yi shiru ta fito, ta ɗaura zanenta na kirki, ta gangara kududdufi. Ɗanta ya ɗago daga cikin ruwa ya miƙo hannu ya ce, “Iya, na gaji da jira. Ba abokin wasa nake so ba, ke nake so.” Ta shiga, ruwa ya rufe a kansu. Na ce ba za ta ƙara fitowa ba, ba za ta ƙara taɓa ɗan kowa ba. Mai wankin ma ta ce ƙila wata ta gani. Yaya, ban taɓa yin labarin da ya kai shi kyau ba, Allah ya yafe mini. Inuwa ya yi kuka kamar ƙaramin yaro. Suka tashi suka je suka yi ta jifan ruwan har suka gaji, suka watse. Ba wanda ya ƙara zancen jirgi.

Ta tsira, ku ma kun tsira. Amma abu ɗayan da ta roƙa shi na taka, da sanina, kuma ba ni da hanyar gyarawa sai in buɗe musu hanyarta.

Malam, don Allah kada ka karanta wannan a inda za ta ji. Wassalamu.

* * *

Daga 'Yar'azumi zuwa ga Sa'idu. Gaisuwa, da barka da shan ruwa.

Gargaɗinka a ƙarshen takarda ka sa shi. Kafin Malam ya kai wurin ya riga ya karanta abin da ke sama, Iya tana bakin murhu tana tsince mini shinkafa. Ta ji.

Ba ta yi kuka ba. Da gari ya waye ta ɗaure ɗan ƙunshinta ta ce za ta je ta ga Fannami da idonta. Na riƙe ta, na ce ruwa ya rufe hanyar Nguru, ta bari sai bayan salla. Ta ce wanda aka sa a ruwa sau biyu ba a cewa uwarsa ta jira salla. Buba ya ƙi ɗaukarta, ya ce ruwan can ya fi ƙarfin jirginsa. Sai ta bi wasu fatake da za su kewaya ta tudu. Malam ya ba ta sandarsa.

Ban ce ka yi daidai ba, ban ce ka yi kuskure ba. Yarana suna barci lafiya, na san dalili.

Duk wanda ya fito daga gabas sai na aika a tambaye shi ko ya ga tsohuwa mai ɗingishi. Har yau ba wanda ya gan ta. In ka ji wani abu ka aiko mini, amma wanda ka gani da idonka. Wassalamu.